Ƙofofi Huɗu da Na Kai Tsibirin Masu Lu'ulu'u

Ana sallame sallar asuba a Harami muka ɗaure kaya muka kama hanyar kudu, ni da ɗan baffana da mai raƙuma da raƙumansa uku. Tun da na dawo, duk wanda ya leƙo shago sai ya ce, "To Mu'allim, yaya tsibiri? An dace?" Na gaji da amsa wa mutum ɗaiɗai. Ga labarin nan gaba ɗaya, wanda ya gane ko riba na ci ko faɗuwa na yi, don Allah ya zo ya gaya mini, domin ni har yau kaina a ɗaure yake.

Asalin tafiyar, a hajjin bara ne wani dogon mutum ya tsaya a shagon Baba, yana ta shafa wata taga da nake sassaƙa. Ya ce shi nahuda ne, wato mai jirgin masu nutso neman lu'ulu'u, daga wani ɗan tsibiri a tekun Maliya. Yana gina gidan dutse, yana son ƙofofi huɗu irin na Makka: babba mai gambu biyu ta zaure, da uku na ɗakuna. Ya ciro wata igiya mai ƙulle-ƙulle, awon ƙofofin ke nan, ya ce in kai masa bayan Rajab, kafin nan gini ya kai. Ni kuwa ban taɓa karɓar aiki da bakina ba sai ranar, ga shi baƙon Allah ne ya yi magana yana kallon hasumiyar Harami. Ko tambaya ɗaya ban yi ba na ce na karɓa.

Sai da ya tafi na tuna babu katako. Tun da aka yi yaƙin nan na Turawa katako mai kyau ya yi wuya a Jidda, wanda ake samu kuwa ko akwatin gawayi ba za ka yi da shi ba. Amma Baba yana da wasu alluna na saj, katakon nan mai nauyi da ake kawowa daga Hindu, a jingine a ƙuryar shago fiye da shekara ashirin. Ina yaro na sha duka don na hau kansu. Kwana uku ina roƙonsa. A na ukun ya ce, "Ɗauka. Amma ka sani ba ni da wani." Wata biyar na yi ina aikinsu, furanni da ganyaye da taurari, har yatsuna suka yi kanta. To, abin da ke kan raƙuman nan ke nan: katakon Baba kaf, da sunana na farko a sana'a.

Mun fita ta Ka'akiyya rana ba ta yi zafi ba. Wurin ba kowa sai 'yan bukkoki da garken awaki, amma 'yan mutanen da ke nan sai da suka fito kallo. Raƙumi da ƙofa a kowane gefe abin dariya ne, in iska ta buso sai ya riƙa tafiya a karkace kamar mai ciwon kwankwaso. Wata tsohuwa ta ɗaga murya ta tambaye mu ko gidan yana biye da mu a baya. Ɗan baffana ya ce mata eh, ta jira shi ta nuna masa hanya.

Kwana huɗu muka yi a Tihama, filin nan da ke bin gaɓar teku, muna tafiya safe da yamma, da rana mu fake. Zafin can ba irin na Makka ba ne da ke gasa mutum a bushe, wannan jiƙa ka yake yi, riga ta manne maka a baya. Kowane zango akwai rumfar mai shayi da gadajen igiya. Shayi girshi ɗaya ne ko'ina, amma salkar ruwa kullum sai ta ƙara tsada, kuma kullum sai ta ƙara gishiri. Maza suna sa malafa doguwa, samari kuma suna ɗaura ganyen ƙamshi a gashi, ga wuƙa a ƙugu, ka rasa ko biki za su ko faɗa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne gero. Wallahi gero, irin wanda Baba yake ba mu labarinsa a Kano, ga shi tsaye a gona, ga dawa a gefensa. A zango na biyu aka kawo mana gurasar gero da zafinta, an farfasa ta an zuba man riɗi da zuma. Ɗan baffana, wanda shekararsa goma sha ɗaya da barin gida, ya kai loma ɗaya, sai ga hawaye. Ni da aka haifa a Makka na ci na ji daɗi, amma ban san abin kuka a ciki ba. Ya cinye tasa ya ƙarasa tawa.

A Lis, garin bakin teku, muka sallami mai raƙuma, muka kwana biyu jiran jirgi. Garin ƙarnin kifi ne daga farko har ƙarshe, har shayinsu. Jirgin da muka samu irin wanda suke kira sambuk ne, na katako, da ƙyalle guda babba da iska ke turawa, ɗauke da buhunan dawa da albasa da awaki biyu. Na sha ganin teku a Jidda daga nesa, ban taɓa hawa kanta ba. Ba mu yi nisa ba ɗan baffana ya kama gefen jirgi ya mayar da duk geron Tihama, yana rantsuwa in Allah ya sauke shi lafiya ko alwala zai riƙa yi da tsoro. Ni ban samu zarafin amai ba. Na cire mayafina na rufe ƙofofin don kada ruwan gishiri ya fantsamo musu, na zauna a kai kamar kaza, matuƙan suna ta yi mini dariya. Washegari da hantsi aka nuna mana wani farin layi a kan ruwa, aka ce mun iso.

Tsibirin shimfiɗaɗɗe ne, fari fat, da ƙafa za ka zagaye shi tsakanin asuba da azahar. Itatuwansa 'yan goriba ne da ƙaya. Muna shiga gari gabana ya faɗi, na ce wa ɗan baffana ko dai an yi yaƙi a nan. Gidajen dutse sun fi arba'in, amma masu rufi ba su kai yatsun hannu ba. Wani bango iyakarsa gwiwa, wani ƙugu, wani ya kai wuya ya tsaya. A cikin kowane kango kuma akwai bukkar tabarma, mata suna girki, yara suna tsallake bango suna wasa. Babu alamar gobara, babu alamar rushewa. Mutane kuma fuskarsu sake, ba mai kama da wanda masifa ta faɗa wa.

Kasuwarsu ma ta juya mini kai. Kifin da za ka ba da riyal a kansa a Makka, nan in ka tsaya kallonsa da yawa sai a ba ka kyauta. Albasa kuwa rabi ake yankawa a sayar. Ruwan sha aunawa ake yi da gwangwani, daga wani babban rami da aka gina da dutse yana tare ruwan sama, sahrij suke ce masa.

Nahuda ya tarbe mu da murna ta gaske, ya rungume ni, ya sa aka yanka akuya. Aka shigar da ƙofofin rumfarsa aka jingine. Sai dai kwana uku cur bai ce uffan a kansu ba. A ci shinkafa da kifi, a sha gahawa, ya tambaye ni lafiyar Baba, ya tambayi ko an yi ruwa a Makka. In na ɗauko maganar aiki sai ya ce baƙo ba ya aiki kafin kwana uku. Ni kuwa hankalina bai kwanta ba, don na riga na zagaya garin sau biyu ina neman gidan da ya isa a kafa masa ƙofa, ban gani ba.

Rana ta huɗu da safe Nahuda ya kama hannuna ya kai ni gidan da yake ginawa. Jama'a, bangon iyakarsa ƙirjina. Gurbin ƙofar zaure yana nan, faɗinsa daidai da igiyar da ya ba ni, amma sama babu komai sai sararin Allah. Ta gefen gabas ma bangon ya fi gajarta, ana ganin inda aka ciccire duwatsu. Na dube shi, na dubi bango. Ya ce, ba tare da ko sunkuyar da kai ba, "Ya Mu'allim, bana ba shekarar gida ba ce." Na ce to shekarar me ce? Ya ce ta jirgi. Na ce ƙofofina fa? Ya ce ƙofofi masha Allah, bai taɓa ganin irinsu ba. Raina ya ɓaci har na ji kunnuwana sun yi zafi, na juya na bar shi tsaye don kada in faɗi abin da zan yi nadama.

Ƙafata ce ta kai ni bakin sahrij. Ina tsaye ina masifa ni kaɗai da Hausa, sai na ji an ce, "Kai yaro, mi ya yi zafi?" Na waiga a razane. Wani tsoho ne baƙi siriri riƙe da gwangwanin awo, shi ne mai tsaron ruwan. Basakkwace ne. Shekara arba'in da suka wuce jirginsu na alhazai ya fashe kusa da nan, aka tsamo shi, ya yi hajjinsa daga baya ya dawo ya zauna. Na zayyana masa komai. Ya yi dariya har da tari, ya ce in biyo shi ya koya mini karatu.

Wajen bangon Nahuda ya mayar da ni. Ya ce in duba da kyau. Sai a lokacin na lura dutsen ba launi ɗaya ba ne. Daga cikin teku suke sare shi, sabo fari ne, yana daɗewa yana duhu, saboda haka bangon layi-layi yake. Tsohon ya ɗora yatsa a ƙasa ya ce wannan jeri biyar ɗin shekara guda ce, shekarar da 'yan kasuwar Hindu suka yi rububin lu'ulu'u, gari duka aka yi ta gini. Na sama da shi jeri biyu. Sai wani siririn layin farar ƙasa, ya ce wannan shekara uku ce da ba a ɗora ko dutse ɗaya ba, shafe kawai aka yi don kada gishiri ya ci. Sai jeri uku farare, na bara, lokacin da Nahuda ya ga kamar abin ya dawo har ya tafi hajji ya yi odar ƙofa. Na nuna gefen gabas na ce nan fa? Ya ce sahrij ne ya tsage bayan hajji, kowane gida ya ba da jeri ɗaya. Na ce, "Baba, yanzu a garin nan gini har baya yake komawa?" Ya ce sosai ma.

Ya ce kowace shekara in an gama nutso, manya suna zama a harabar masallaci su duba abin da teku ta bayar. In an ci an sha akwai saura, sai a yanke inda za a sa shi, ko gida, ko jirgi, ko sahrij, kuma gari duka abu ɗaya ake fuskanta, don magina da masassaƙa da jakunan ɗaukar dutse duka ɗaya ne. Na tambayi me ya sa lu'ulu'un ya faɗi. Ya ce wai can gabas wasu mutane sun koyi noma shi a cikin ruwa kamar gyaɗa. Nan kam na ce ya tsaya haka, kaina ya cika.

Ku duba fa, mu a Makka shekara ba ta saɓawa. Hajji zai zo, alhazai za su nemi ɗaki, mai gida zai ƙara bene, kafinta zai samu aiki. Wanda ya ce maka gini zai kai bayan Rajab, to zai kai. Ban taɓa zaton akwai inda mutum mai gaskiya zai faɗi haka da zuciya ɗaya, teku ta ƙaryata shi ba.

Da la'asar na gangara bakin ruwa na ga jirgin Nahuda an kwantar da shi a kan yashi. Tsutsar teku ta cinye cikinsa, akwai wuraren da yatsana ya shige. Wajen mutum talatin ne ke nutso a jirgin nan, ga lokacin fita ya matso, suna zazzaune a inuwarsa. A tsibirin kaf babu katakon da ya kai kamu biyu. Da na koma masauki na tarar da mai gyaran jiragensu a rumfa, ya juya babbar ƙofata, ko kallon furannin bai yi ba, bayanta yake ƙwanƙwasawa yana kasa kunne. Na gane abin da ake ciki. Na daka masa tsawa ya fita.

Nahuda bai iya gaya mini da bakinsa ba, sai ya aiko tsohon. Ya ce zaɓi uku ne. In koma da ƙofofina Makka, shi zai ɗauki nauyin hanya. Ko in bar su a jingine har shekarar gida ta zagayo, a biya ni a lokacin. Ko in bar su a sa a jirgi, a ba ni rabon mutum biyu a duk abin da jirgin ya samo, kowace shekara, muddin yana kan ruwa. Ɗan baffana ya ce mu kwashi kayanmu mu tafi. Amma awon ƙofofin na tsibiri ne, gajeru masu faɗi, ba gidan Makka da za su shiga. Na ce to a jingine su. Tsohon ya kai ni wani kango ya ɗaga tabarma. Wata ƙofa ce a ƙasa, aikin Yaman, ta fi nawa kyau nesa ba kusa ba. Shekararta goma sha ɗaya tana jiran bangonta. Na taɓa ta, gefenta ya marmashe a hannuna.

Ban san lokacin da na yanke shawara ba, kada wani ya ce tausayi ne ko wayo. Na dai san da safe na ɗauko guduma da kurfi, na ce ba wanda zai taɓa su sai ni. Wata biyar na yi ina haɗa su, kafin azahar na warware su duka. Da na zo kan babbar, na yi kuka kuma ban ɓoye ba. Masu nutson nan suka kau da kai.

Kwana tara muna aiki da mai gyaran jirgin da na kora, ashe mutumin kirki ne, kuma ya san katako fiye da ni. Ya koya mini lanƙwasa allo da wuta da mai, da cusa auduga a tsakani. Muka juya sassaƙar ta ciki, santsin ta waje, aka shafe da man kifi da farar ƙasa. Yanzu in ka leƙa cikin jirgin nan za ka ga furanni da taurari a inda masu nutso ke taka ƙafa. Ranar Juma'a bayan salla Nahuda ya miƙe a harabar masallaci ya faɗi rabona a gaban kowa, aka shafa fatiha. Na tambayi tsohon ko ba za a rubuta ba. Ya ce a rubuta a ba wa? Na tambaye shi nawa rabon zai kai. Ya ce wata shekara ya sayi raƙumi, wata shekara ya sayi albasa rabi.

A jirgin aka kawo mu Jidda, wai a gwada shi. Kwana uku ina tsugune a cikinsa ina bin allunan Baba da tafin hannu ina neman danshi. Ɗan baffana yana can yana sana'arsa a gefen jirgi. Guzurin da aka haɗo mu da shi buhun busasshen kifi ne, wanda ya sa a motar Jidda ba wanda ya yarda ya zauna kusa da mu, muka miƙe ƙafa har Rusaifa, a bakin Makka. Daga nan na sauka na ƙarasa da ƙafa, ina tafe ina tsara abin da zan faɗa, ina rushewa.

Na tarar da Baba a ƙofar shago yana wasa kurfi. Na durƙusa na gaishe shi, na ba shi labari tun daga Ka'akiyya, ban rage komai ba, har karatun bango. Bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "Ya yi yoyo?" Na ce ko ɗigo, Baba. Ya ce, "To, ka iya aiki."

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa. Na san yanzu akwai inda shekara ba ta kama da 'yar'uwarta, inda abin da aka gina bara ake cire shi bana don a sha ruwa, kuma mutanen ba mahaukata ba ne, ba kuma macuta ba. Na koyi in tambayi mai oda ina bangonsa ya kai kafin in taɓa zarto. Na ɗauka iyakar darasin ke nan, sai na yi wautar tambayar Baba abin da ban taɓa tambaya ba, na ce shi wai me ya ajiye katakon nan zai yi da shi duk shekarun nan.

Ya ci gaba da wasa kurfinsa, bai ɗago ba. Ya ce shekarar da aka haife ni ya saye shi, lokacin aiki yana gudu, da niyyar in ya rushe gidanmu na kwano da tabarma ya gina na dutse, ya yi masa ƙofa da hannunsa. Ya ce kowace shekara bayan hajji yakan duba abin da ya rage, ya ga bana ba ta yi ba, sai baɗi.

Na ce, "Baba, me ya sa ba ka gaya mini ba?"

Ya ce, "Da na gaya maka, da ba ka ɗauka ba. Ni kuma idona ya riga ya tafi, ko an gina ba zan iya sassaƙa ta ba. Tashi ka kai wa uwarka kifin nan, ya ishe mu da wari."

Na ɗauki buhun na nufi gida, na kai bakin ƙofarmu, na ga tsohuwar tabarmar da ke rufe da ita, na kasa shiga.